Napoli ta Ƙarƙashin Ƙasa: Asirai da Camfe-camfen Wani Tsohon Birnin Italiya

Gabatarwa

Napoli birni ne da ke bakin teku a kudancin ƙasar Italiya, yana kuwa cikin tsofaffin biranen Turai waɗanda tun da aka kafa su ba a taɓa tashi an bar su kufai ba. Girkawa ne suka fara zama a wurin, suka kira ƙaramin garinsu Partenope. Daga baya, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, suka zana wani gari kusa da na farko, suka sa masa suna Neapolis, watau "Sabon Birni". Daga wannan suna ne aka sami Napoli.

Birnin yana zaune ne tsakanin wuta biyu. Ta gabas ga dutsen Vesuvio mai aman wuta, wanda ya binne garuruwan Pompei da Ercolano a shekara ta 79 Miladiyya, ya sake hallaka dubban mutane a 1631, ya kuma yi amansa na baya-bayan nan a 1944. Ta yamma kuma ga wani yanki da ake kira Campi Flegrei, watau "Filaye Masu Ƙuna", inda ƙasa take kumbura tana sacewa, har wani sabon tudu ya tsiro a cikin 'yan kwanaki a shekarar 1538. Baya ga wuta, ga annoba da girgizar ƙasa da yaƙi, waɗanda suka riƙa ziyartar birnin bi da bi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutanen da suka yi ƙarnuka suna maƙwabtaka da mutuwa, lalle ne a ga alamarta a cikin al'adunsu. Ko labarin kafuwar garin ma da gawa ya fara, domin Girkawa sun ce Partenope sunan wata aljanar ruwa ce da teku ya turo gawarta gaɓa, aka binne ta, gari ya tashi a gefen kabarinta.

Wannan maƙala za ta duba kaɗan daga cikin asiran da aka san Napoli da su, da abin da jama'a suke faɗi a kansu, da abin da bincike ya gano, sa'an nan da dalilin da ya sa binciken bai kashe su ba.

Birnin da ke ƙarƙashin birni

Yawancin tsofaffin gine-ginen Napoli da wani dutse aka yi su mai launin rawaya, wanda ake kira tufo. Tokar aman wuta ce ta dunƙule ta zama shi, yana da sauƙin sara kamar marmara. Maimakon a je nesa a ɗauko shi, sai magina su haƙa ƙarƙashin filin da za su yi gini, su fito da dutsen su ɗora sama. Saboda haka gwargwadon yadda birnin ya yi tsawo a sama, gwargwadon yadda ya yi kogo a ƙasa. Girkawa da Rumawa suka haɗa waɗannan ramuka da siraran hanyoyi, suka mai da su matattarar ruwan sha, wasu zurfinsu ya kai mita 40. Gidaje da yawa suna da rijiya a ciki wadda take sauka kai tsaye zuwa wannan ruwa.

Daga nan ne aka sami labarin munaciello, watau "ƙaramin limami". A faɗar mutanen gari, wani ɗan guntun iska ne mai sanye da riga mai hula irin ta limaman Kirista masu zaman kaɗaici. Yakan shiga gida ko da an kulle ƙofa. In yana son mutanen gidan sai su wayi gari su tsinci kuɗi, in kuwa ya ƙi su sai kaya su riƙa ɓacewa, tukwane su riƙa fashewa. Wanda ya sami kyautarsa kuma ba ya faɗa, don in ya faɗa ta yanke.

Masu nazarin tarihin birnin da dama sun danganta wannan iska da masu yasar rijiya, waɗanda ake kira pozzari. Sana'ar tana bukatar mutum mai ƙaramin jiki wanda zai iya ratsa matsattsun hanyoyi, sukan kuma rufe jiki da kai saboda laima. Sun san hanyar shiga kowane gida ta cikin rijiyarsa. Maigidan da ya hana su ladansu yana iya rasa abin da ya fi ladan, matar da ta kyautata musu kuma tana iya samun abin da ba za ta so ta bayyana wa mijinta asalinsa ba. A kowane hali, munaciello ya isa amsa.

Bayan annobar kwalara ta 1884 aka daina shan ruwan waɗannan rijiyoyi, aka buɗe sabuwar hanyar ruwa a 1885, ramukan suka koma juji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen sama suke ruwan bama-bamai a birnin, aka sake buɗe su aka yi musu matakala, dubban mutane suka riƙa kwana a ciki. Har yanzu ana ganin sunaye da zane-zanen da suka bari a jikin bango.

Ƙwan Virgilio da ƙofar lahira

Virgilio shi ne babban mawaƙin Rumawa. Ya yi zama a Napoli, ya rasu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, aka binne shi a gefen birnin. Bayan wasu ƙarnuka sai jama'ar gari suka manta da waƙarsa, suka mai da shi hatsabibin boka mai tsare birni. Suka ce ya ƙera ƙuda na tagulla wanda ya kori ƙudaje daga gari. Suka ce shi ya huda dutsen Posillipo a dare ɗaya, ya yi hanyar nan mai tsawon kimanin mita 700 da take fita yamma. Alhali kuwa wani magini ne na zamanin Rumawa, mai suna Cocceio, ya yi aikin. Marubucin nan Petrarca ya ba da labarin cewa Sarki Roberto na Napoli ya taɓa tambayarsa game da wannan hanya, shi kuwa ya amsa cewa bai taɓa karanta inda aka ce Virgilio boka ne ba, sarkin ya yarda cewa alamar da ke jikin bangon ta ƙarfe ce.

Mafi shahara cikin waɗannan labarai shi ne na ƙwai. A kan wani ɗan tsibiri da ke manne da gaɓa akwai tsohuwar ganuwa da ake kira Castel dell'Ovo, watau "Ganuwar Ƙwai". An ce Virgilio ya sa ƙwai a cikin kwalba, ya sa kwalbar a cikin kejin ƙarfe, ya ɓoye a ƙarƙashin ginin, ran da ƙwan ya fashe ganuwar za ta rushe, birnin kuma ya bi ta. Ana ba da labari cewa a ƙarni na 14, zamanin Sarauniya Giovanna ta Ɗaya, igiyar ruwa ta rusa wani sashe na ganuwar, hankalin jama'a ya tashi, sai da sarauniyar ta ba da tabbacin cewa an sa wani ƙwan a madadin na farko. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna yadda mutanen Napoli suke ganin garinsu: abu ne babba da yake tsaye a kan abin da ƙaramar girgiza za ta fasa.

Kimanin kilomita 20 yamma da birnin akwai kufan Cuma, inda Girkawa da Rumawa suka ce wata mai duba da ake kira Sibilla take zaune a cikin kogo, tana rubuta amsoshinta a kan ganye. A 1932 masanin kayan tarihi Amedeo Maiuri ya tono wata doguwar hanya da aka sara cikin dutse, mai tsawon kimanin mita 130, ya ce kogon Sibilla ke nan. Masanan da suka biyo bayansa da yawa suna ganin aikin tsaro ne na soja, amma sunan ya riga ya zauna. Kusa da nan kuma ga tafkin Averno, wanda yake cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Mutanen dā sun ɗauke shi ƙofar lahira, suka ce tsuntsu ba ya ƙetare shi saboda tururin da ke tashi daga ruwan. Ta nan ne Virgilio ya sa jarumin waƙarsa ya sauka wurin matattu.

Ƙoƙunan kai marasa suna

Babu inda dangantakar Napoli da matattu ta fi bayyana kamar a maƙabartar Fontanelle, cikin unguwar Sanità. A 1656 annoba ta faɗa wa birnin, ta kashe kusan rabin mutanensa a cikin 'yan watanni. Babu lokacin wanka, babu na likkafani, babu na rubuta suna. Aka riƙa jibge gawawwaki a cikin wani babban kogo da aka bari bayan haƙar tufo. Aka ƙara wasu a lokacin kwalara ta 1836 zuwa 1837, aka kuma zuba ƙasusuwan da aka kwaso daga majami'u. Talakan Napoli dama ya saba da irin wannan makoma. A 1762 magini Ferdinando Fuga ya fara gina wa talakawa wata maƙabarta mai ramuka 366, kowace ranar shekara da raminta, duk wanda ya mutu ran nan a jefa shi ciki tare da sauran.

A 1872 wani limamin Kirista, Gaetano Barbati, tare da taimakon matan unguwa, ya tsara ƙasusuwan Fontanelle, aka jera ƙoƙunan kai sahu-sahu, na mutane kimanin 40,000. Daga nan wata al'ada ta bunƙasa. A aƙidar Katolika akwai wani matsayi da ake kira Purgatorio, inda ake tsarkake ran mamaci da wuta kafin ya shiga Aljanna, addu'ar masu rai kuma tana rage masa daɗewa. To, wanda ya mutu ba suna, ba dangi, wa zai yi masa addu'a? Irin waɗannan su ne ake kira anime pezzentelle, watau "rayuka mabarata".

Sai mace ta shiga kogon ta zaɓi ƙoƙon kai guda. Ta goge shi, ta ɗora shi a kan farin ƙyalle, ta kunna masa fitila, ta yi masa addu'a, sa'an nan ta koma gida ta jira mafarki. In mamacin ya zo mata a barci ya faɗi ko shi wane ne, to, an ƙulla zumunci. Abin da yake roƙo shi ne refrisco, watau sanyi daga zafin wutar da yake ciki. Ita kuma abin da take roƙo shi ne lafiyar ɗa, ko miji ga 'ya, ko aikin yi, ko dawowar wanda ya tafi yaƙi, ko lambobin cacar lotto. Mutanen Napoli suna da wani tsari na fassara mafarki zuwa lambobi daga 1 zuwa 90, ana kiransa smorfia. A cikinsa 48 ita ce mamaci mai magana, 90 kuma tsoro.

In bukata ta biya, sai matar ta yi wa ƙoƙon ɗan akwati na katako ko na dutse, ta rubuta godiya da sunanta da shekara. In ba ta biya ba, sai ta mai da shi cikin sahu ta ɗauki wani. In an ga raɓa a jikin ƙoƙo sai a ce gumi ne, mamacin yana wahala yana yi wa mai shi aiki, ko da yake laimar kogon ta isa ta kawo raɓar. Wasu ƙoƙunan sun yi suna, kamar Donna Concetta mai gumi, da Kyaftin wanda aka ce ya halarci bikin wani ango da ya yi masa izgili. A majami'ar Purgatorio ad Arco, wadda aka fara ginawa a 1616 a tsakiyar tsohon gari, akwai wani ƙoƙo da ake kira Lucia, an lulluɓe shi da mayafin amarya, 'yan mata suna kai masa kukansu.

Al'adar ta ƙara ƙarfi bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, sa'ad da iyaye mata da yawa suka rasa 'ya'yansu ba su ga gawa ba. Wadda ba ta da kabarin da za ta ziyarta sai ta ɗauki mamacin da ba shi da mai ziyara. A 1969 babban limamin birnin, Kadinal Corrado Ursi, ya hana wannan ibada, domin a ganin majami'a ta wuce addu'a ga matattu ta koma bautar ƙashi.

Jinin San Gennaro

Irin wannan ciniki na ba ni in ba ka ya kai har ga babban waliyyin birnin. San Gennaro bishof ne na Benevento wanda aka fille wa kai a Pozzuoli a shekara ta 305, zamanin da Sarkin Rum Diocleziano yake tsananta wa Kiristoci. A babbar majami'ar Napoli ana ajiye da ƙananan kwalabe biyu masu ɗauke da wani abu baƙi-baƙi, daskararre, wanda aka ce jininsa ne. Sau uku a shekara ake fito da su: Asabar ɗin da take gaban Lahadin farko ta watan Mayu, da 19 ga Satumba, da 16 ga Disamba. Limami yana riƙe da mazubin yana juya shi, jama'a suna addu'a, har abin ya narke. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci narkewar na shekarar 1389 ne.

In jinin ya ƙi narkewa sai gari ya shiga zullumi. Masu imani da shi sukan tuna da 1980, shekarar da girgizar ƙasa ta Irpinia ta kashe mutane kusan 3,000 a watan Nuwamba. Ya kuma ƙi narkewa a Disambar 2020, ana tsakiyar annobar korona. Akwai wasu tsofaffin mata da ake kira "dangin San Gennaro", waɗanda suke zama gaba suna roƙonsa, in ya yi jinkiri su yi masa faɗa, suna kiransa mai rawayar fuska, saboda mutum-mutuminsa na azurfa da aka shafe da zinariya.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne yarjejeniyar 1527. A wannan shekara, ga yaƙi ga annoba, wakilan birnin suka rubuta alkawari a gaban marubucin shari'a cewa in waliyyin ya tsare su za su gina masa ɗakin ibada na musamman. Aka fara ginin a 1608, aka gama a 1646. Ɗakin mallakar birni ne, kwamitin mutanen gari ne yake kula da shi.

A 1991 wasu masana uku na Italiya, Garlaschelli da Ramaccini da Della Sala, suka nuna a mujallar Nature cewa ana iya haɗa wani abu mai kama da wannan, wanda yake daskarewa in an ajiye shi, ya narke in an motsa shi, da sinadaran da ake iya samu tun ƙarni na 14, har da wani gishirin ƙarfe da ake samu a Vesuvio. Wannan ya nuna yadda abin zai iya kasancewa, amma bai tabbatar da abin da ke cikin kwalaben ba, tun da ba a buɗe su an gwada ba. Majami'ar Katolika kanta ba ta ayyana narkewar a matsayin mu'ujizar da ta wajaba a gaskata ba.

Yariman Sansevero

Ba talakawa kaɗai asiri ya shafa ba. Raimondo di Sangro, Yariman Sansevero, wanda ya rayu daga 1710 zuwa 1771, soja ne, marubuci, mai ƙirƙire-ƙirƙire, mai kuma binciken sinadarai. Ya taɓa shugabantar ƙungiyar asiri ta Massoneria a Napoli, majami'a kuma ta haramta wani littafinsa a 1752. Maƙwabta suna ganin hasken wuta suna jin ƙarar injuna daga ƙarƙashin gidansa da dare, shi kuma ba ya bayyana sirrin abin da ya gano. Ba a daɗe ba aka ce da Shaiɗan yake hulɗa.

A ɗakin ibadar gidansu akwai mutum-mutumin da Giuseppe Sanmartino ya sassaƙa a 1753, siffar Almasihu a kwance an lulluɓe shi da mayafi. Mayafin ya yi shara-shara har ana ganin jijiyar goshi ta cikinsa. Jama'a suka ce hannu ba zai iya wannan ba, yariman ne ya shimfiɗa ƙyalle na gaske ya mai da shi dutse, sa'an nan ya makantar da masassaƙin don kada ya yi wa wani irinsa. Amma a ma'ajiyar takardun Bankin Napoli akwai takardar biyan kafin alkalami ta Disambar 1752, wadda ta ambaci cewa mayafin ma na dutse za a yi shi. Sanmartino kuwa ya ci gaba da sana'arsa, bai rasu ba sai 1793.

A ƙarƙashin ɗakin kuma akwai ƙwarangwal biyu, namiji da mace, an bar musu dukan hanyoyin jini kamar saƙar gizo. Aka ce bayin yariman ne, ya ɗura musu wani ruwa suna da rai, jininsu ya koma ƙarfe. Binciken da aka yi a farkon wannan ƙarni ya nuna cewa ƙasusuwan na mutane ne, amma jijiyoyin da waya da zaren alharini da kakin zuma aka yi su, aikin wani likita ne mutumin Palermo, Giuseppe Salerno. A nan camfi ya tauye wa masu fasaha haƙƙinsu, domin ya ɗauki aikin hannunsu ya ba sihiri.

Kammalawa

In aka jera waɗannan labarai za a ga kusan kowannensu yana da tushe da ido zai iya gani: mai yasar rijiya, da sawun ƙarfe a jikin dutse, da laimar kogo, da waya da kakin zuma. Duk da haka sanin tushen bai kawar da su ba, domin tambayar da suke amsawa daban take da wadda masu bincike suke yi. Mai bincike yana tambayar yadda abu ya faru. Matar da take goge ƙoƙon kai a Fontanelle kuwa tana tambayar wanda zai tsaya mata ran da hukuma da likita da dangi suka gaza, da wanda zai tuna da ita ran da ta shiga rami ba suna. Amsar da Napoli ta bayar ita ce alkawari tsakanin mabukata biyu, mai rai da mamaci, kowa ya ba da abin da yake da shi.

A 1995 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, ramukan ƙarƙashin ƙasa da ɗakin Sansevero kuma suka zama wuraren da baƙi suke biyan kuɗi su gani. Amma a ƙofar majami'ar Purgatorio ad Arco akwai ƙoƙunan kai na tagulla a kan 'yan ginshiƙai a bakin titi, waɗanda samansu ya goge yana ƙyalli, saboda hannuwan masu wucewa da suke shafa su tun ƙarnukan da suka shuɗe.